Bayan shekara 35, yaron da na riƙe ya kira ni "matar Baba"

Assalamu alaikum Malama. Ni mace ce mai dab da shekara 60, ina zaune a Rigasa. A 1990 na auri maigidana. Ni mijina na fari ya rasu ya bar ni da yaro ɗan shekara 4, shi kuma matarsa ta rasu wurin haihuwa ta bar masa uku: namiji ɗan shekara 6, mace 'yar shekara 3, da jaririyar da aka haifa. Dangin mahaifin ɗana ba su da hali, Malam ya ce in taho da shi. Allah Ya ba mu huɗu tare, maza 2 mata 2. Su takwas a faranti ɗaya suka ci, a tabarma ɗaya suka kwana.

Malam ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Rikicin 2000 ya taso mu daga Nasarawa muka dawo Rigasa, muka sayi fili muka fara gini, ba a jima ba aikin ya tsaya. Da keken ɗinkin da na tarar a ɗakin marigayiya na riƙe gidan, da ɗan adashin da nake zubi. Da babban ɗansa ya samu gurbi a Poli, kuɗin ba su isa mutum biyu ba, sai na ba nawa haƙuri bayan ya gama sakandare na kai shi Panteka koyon walda, don kada a ce na fifita ɗana. Babban yanzu ma'aikacin gwamnati ne. Nawa kuwa Allah Ya buɗa masa. Shi ya yi rufin gidan, ya gina shaguna 2 a ƙofar gida, shi ke sayen maganin Malam tun da ɓarin jikinsa ya shanye shekara 3 da suka wuce.

Da Babbar Sallah yara suka taru, Malam ya ce yana so a shaida ya ba ɗana shago ɗaya. Sai babban ya ce, "Baba, agola ba ya gado. Wannan shirin matar Baba ne." Malama, yaron nan tun yana ɗan shekara 6 Umma yake ce min. Ni na kwana da shi a asibiti da ya yi ƙyanda, ni na haɗa lefensa. Ɗana ya tashi ya fita bai tanka ba, daga baya ya ce min, "Umma, da ma kin saba ba da rabona." Malam ya yi shiru, tun ranar ko abinci ba ya ci sosai.

Shin wahalar banza na yi? In ce wa Malam ya janye don a zauna lafiya? Ko in tattara in koma gidan ɗana?

Wata uwa daga Rigasa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah Ya ba Malam lafiya, Ya sa ciwon ya zama kaffara, ke kuma Ya saka miki da gidan Aljanna.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita ce mai gaggawa. Kada ki fita daga gidan nan. Ko zani ɗaya kada ki ɗaure da sunan tafiya. Wanda zai kwana da zafin tafiyarki ba babban ɗan ba ne, shi yana can gidansa da iyalinsa. Malam ne, mutumin da ba ya iya juyawa a kan katifa sai an kama shi, wanda laifinsa kawai ya so ya yi godiya a gaban 'ya'yansa. Ban da haka, ranar da kika sa ƙafa waje kin gaskata zargin da aka yi miki, za a ce da ma shagon take so, da ta ga an tsaya a kai ta yi yaji. Uwa mai jikoki ba ta barin ɗakinta saboda maganar ɗa. Yau ɗin nan ki zauna kusa da Malam ki gaya masa ba inda za ki, kuma abin da ya yi niyya alheri ne. Ina kyautata zaton abin da ya hana shi cin abinci shi ne yana ganin da bakinsa ya kunna wa gidansa wuta.

Sai batun wahalar banza. Hajiya, duk wanda ya zauna a Kaduna a shekarun da kika ambata ya san nauyin abin da kika ɗauka. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a 1957, albashin masaƙa ne ke juya Kakuri da Makera da Nasarawa, dubban gidaje a kansa suka dogara. Rikicin watan Fabrairu na 2000 ya raba garin gida biyu, kogi ya zama iyaka, mutane suka bar unguwannin da aka binne cibiyarsu, waɗansu suka yo Rigasa da Tudun Wada, waɗansu suka tsallaka kudu. Ba a gama farfaɗowa ba KTL ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL ta bi baya a 2007. Magidantan da suka saba da albashi suka koma acaba da gadi da buga-buga. A irin wannan lokaci, idan abinci ya yi ƙaranci, sanin kowa ne wa ake fara sallama: agola a mayar wa dangin ubansa, maraya a tura ƙauye wurin kaka, wani a miƙa wa malamin allo ya tafi da shi. Aure nawa ne ya mutu a waɗannan shekaru? Ke da Malam kun fito da takwas ba ku sallami ko ɗaya ba, kuma har yau suna taruwa a tsakar gida ɗaya ranar Sallah. Rigimar da suka yi ma, ai don kowannensu yana jin gidan nasu ne. Maganar da aka furta cikin daƙiƙa guda, komai ɗacinta, ba ta isa ta shafe wannan ba.

Yanzu ga abin da ba zai yi miki daɗin ji ba: a kan hukunci, yaron bai yi ƙarya ba. Agola ba ya gadon mijin uwarsa. Gado ta jini yake zuwa ko ta aure, riƙo ba ya cikin sababansa ko da an shekara 50 ana ci a kwano ɗaya. Kada ki ɓata ƙarfinki wurin musun wannan, kada kuma ki bari wata ta zuga ki a kai. Inda ya kauce shi ne, babu wanda ya yi maganar gado. Malam yana raye, hankalinsa yana jikinsa, kuma ba a gadon mai rai. Abin da ya ambata kyauta ce, mai abu kuwa yana da ikon ya ba wanda ya ga dama. Hadisin Nu'umanu bin Bashir da ake yawan kawowa, inda Annabi (SAW) ya ƙi yin shaida a kan kyautar da uba ya yi wa ɗa ɗaya ya bar sauran, magana ce a kan fifita wani ɗan cikinka a kan 'yan'uwansa. Ɗanki ba ya cikin magada, saboda haka ba wani magaji aka ware aka fifita ba. Abin da aka hana shi ne bayarwa da niyyar cutar da magada, shago ɗaya kuwa ga wanda ya gina shi da guminsa bai yi kama da cuta ba.

Sai dai kyauta tana da sharaɗin da mutanenmu suke sakaci da shi, daga baya a yi ta hawa da sauka a kotu. A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'armu suke bi, kyauta ba ta kammala sai wanda aka ba ya karɓa abin ya shiga hannunsa, wato hauzi. Idan Malam ya ce "na ba ka", amma makulli yana rataye a ɗakinsa, kuɗin haya yana shiga aljihunsa, har ta Allah ta kasance, kyautar ta ɓaci, shagon ya koma cikin gado. Haka nan kyautar da aka yi cikin ciwon ajali, hukuncin wasiyya take ɗauka. Malamai suna bambanta ciwon da ya daɗe mutum yana rayuwa da shi da wanda ya tsananta har ake tsoron shi ne tafiyar. Shi ya sa wannan ba maganar da za a ce sai bayan damina ba ce.

Wasiyya ma hanya ce. Idan mutum ya rasu, ana fara yi masa sutura, a biya bashinsa, a zartar da wasiyyarsa, abin da ya rage shi ne gado. Ba a yi wa magaji wasiyya, amma ana yi wa wanda ba magaji ba, iyakarta sulusi, wato kashi 1 cikin 3 na dukiya. Sa'adu bin Abi Waƙƙas ya nemi ya bayar da kashi 2 cikin 3 na dukiyarsa lokacin da ya kwanta ciwo a Makka, Annabi (SAW) ya hana, ya nemi rabi aka hana, sai aka bar masa sulusi, aka ce sulusin ma yana da yawa. To agola yana cikin mutanen da wannan ƙofa ta fi dacewa da su, kuma idan wasiyyar ba ta wuce sulusi ba, ba a jiran yardar magada.

Kafin waɗannan biyun ma akwai tambayar da ba wanda ya yi ranar Sallah: shagon na wane ne tun asali? Fili na Malam ne, bulo da siminti da kwano na ɗanki ne. Da wace niyya ya gina? Idan ya gina ne ya ba Malam don ya riƙa samun na cefane, to ya zama na Malam, ladansa yana wurin Allah, kuma ba shi da da'awa a kai sai abin da Malam ya mayar masa. Idan kuwa an yi da shi a kan cewa ginin nasa ne, ko rance ne, to haƙƙi ne da za a cire kafin a taɓa gado. Shi da Malam kaɗai suka san wannan, kuma su faɗi gaskiya tsakaninsu da Allah.

Ki ara min haƙurinki mu leƙa zuciyar babban. Ba wanke shi zan yi ba. Ya yi rashin ɗa'a, kuma kalmar da ya zaɓa ya zaɓe ta ne don ta yi ciwo. Amma magidanci ɗan shekara 41 ba ya tashi haka kawai ya jefi matar da ta yi masa wanka. Akwai lissafin da yake kwana da shi. Ba a san gawar fari ba, amma a ce yau aka zo rabo, iyayen Malam ba su raye, ke kaɗai ce matarsa, aka yi wa gidan kuɗi naira miliyan 16. Ke kina da tumuni, wato kashi 1 cikin 8, miliyan 2. Sauran miliyan 14 a raba wa maza 3 da mata 4, namiji rabon mace biyu, kashi 10 ke nan. 'Ya'yanki huɗu su kwashi kashi 6, miliyan 8 da dubu 400. Ɗakin marigayiya kashi 4, miliyan 5 da dubu 600. Rabon Allah ne, babu zalunci a ciki. Amma ki kalle shi da idon yaron da uwarsa take kabari: ɗaki ɗaya yana da uwa a raye, yana da tumuni, yana da rinjayen kaso, yana da ɗan da ya fi kowa samu, ga shi za a yanki shago a ƙara masa. Shi ne namiji tilo a ɗakinsu, yana jin ƙannensa mata biyu a wuyansa suke. Ga kuma abin da ba zai taɓa faɗa ba: shi aka kashe wa kuɗin boko, amma wanda aka kai Panteka ne ya yi rufin gidan ubansa. Kin san yadda albashi yake a wannan zamani, ba ya kai mutum ƙarshen wata. Duk ranar da ya shigo ya ɗaga kai ya ga kwanon nan, akwai abin da yake ji a ransa. Kuma don Allah kada ki ɗora wa matarsa. Mun iya wannan, da zarar ɗa ya yi ba daidai ba sai a ce surukar ce. Ba ta cikin wasiƙarki, ki bar ta a waje.

Akwai abin da kika ambata kika wuce, ni kuma na tsaya a kansa: keken ɗinkin marigayiya. An raba gadonta kuwa? A gidajenmu da yawa idan mace ta rasu ta bar ƙananan yara, ba wanda ke tayar da maganar. Gadon ƙarfe, kwalla da tasoshi, 'yan kunne da sarƙa, ragowar sadaki idan akwai, sai su narke a cikin gida, amarya ta zo ta tarar. Alhali haƙƙi ne: miji yana da rubu'i, wato kashi 1 cikin 4, tunda ta bar 'ya'ya, iyayenta idan suna raye a lokacin kowanne yana da sudusi, wato kashi 1 cikin 6, saura na 'ya'yanta uku ne. Ba ina cewa kin ci haram ba. Da keken nan kika ciyar da masu shi, kika ɗinka musu kayan makaranta. Amma ina so ke da bakinki ki faɗa a gabansu cewa uwarsu tana da hannu a ginin gidan nan, don da kekenta aka sayi bulo. Idan yana nan, ko ya tsufa, ki goge shi ki sa masa mai ki miƙa musu. Idan akwai wani abu nata da ya salwanta, a ƙiyasta a biya su. Yaron da ya ji an ambaci uwarsa da alheri, an mayar masa da abin hannunta, da wuya ya ci gaba da ganin ana shirya masa wani abu a ɓoye.

Abin da nake so ku duka ku gane, musamman shi, ga shi. Shari'a ba ta wajabta wa Malam ciyar da ɗan wani ba, ya ciyar, ya tufatar, ya sa shi makaranta. Ba ta wajabta miki renon 'ya'yan wata ba, kika goya jaririyar da ba ki haifa ba, kika kwana a benci a asibiti. Ba ta wajabta wa ɗanki sayen maganin mijin uwarsa ba, yana saye duk wata. Gidanku tun daga tushe a kan abin da ba dole ba aka gina shi, a kan kyautatawa. Da kowa ya tsaya a iyakar wajibinsa tun 1990, da jaririyar nan a hannun kaka ta tashi, da kuɗin Poli ba su fito ba. Wanda ya fi kowa cin moriyar abin da ba dole ba, bai kamata a ce shi ne zai fara tambayar ina dole take ba. Kuma ba ku kuka fara bin wannan hanya ba. Jabir bin Abdullahi, da mahaifinsa ya yi shahada a Uhudu ya bar masa ƙanne mata, bazawara ya aura don ta kula da su ta gyara musu kai, Annabi (SAW) kuma ya amince da zaɓinsa. Shi kansa Manzon Allah (SAW) ya auri Ummu Salama da marayunta. Ɗanta Umar ne ya ba da labarin yadda yana yaro hannunsa ke yawo a cikin akushi, sai aka ce masa ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci abin da ke gabansa. Ladabin cin abincin da muke koya wa yaranmu har yau, ta bakin agola ya iso mana, daga akushi ɗaya da mijin uwarsa. Ita kuma matar uba, Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya haramta wa ɗa aurenta har abada. Ko bayan ran Malam, ke muharramarsa ce. Wannan igiya ba shi ya ɗaura ba, balle ya kwance da baki.

Sai wanda ya fi ba ni tausayi a labarin nan, wanda kuma kika fi taƙaita maganarsa: ɗanki. "Umma, da ma kin saba ba da rabona." Hajiya, wannan maganar ta fi ta babban nauyi, don ita ba ta ranar ba ce, ta daɗe a ajiye. Abu biyu suka haɗu a kan yaron nan. Ɗan fari ne, wanda al'adarmu ta ce a yi kunyarsa, ba a kiran sunansa, ba a nuna ana son sa. Kuma agola ne, wanda uwarsa take tsoron bakin dangin miji a kansa. Na san irin gidan. Idan yara suka yi faɗa, shi ake fara duka ko da shi ke da gaskiya. Idan ana rabon nama, tsokarsa ce ƙarama. Daren Sallah kayan kowa an gama an goge an ninke, nasa ne a kan keke har kiran assalatu, wani lokaci da ragowar yadi. Maƙwabta suna yabon uwar, suna cewa ai wance ba ka gane nata da na mijinta. Yaron kuwa yana ganewa, kuma yana ƙirgawa.

Ban ce kai shi Panteka laifi ba ne. Kuɗin mutum ɗaya ne, babban ne a gaba, kuma Allah Ya sa wa sana'ar albarka. Dalilin da kika bayar ne ya tsaya min, "don kada a ce". Adalci bai ce ki tauye naki don bakin mutane ya mutu ba. Shi ma maraya ne kamar su, ya rasa uba kamar yadda suka rasa uwa. Idan yau kika je kika ce wa Malam ya janye don a zauna lafiya, kin maimaita abin nan da ya faɗa, wannan karon a gaban kowa. Don haka amsar tambayarki ta biyu a'a ce. Ba ke aka ba ba, ba ke za ki mayar ba.

Ki kira shi ku biyu, ki ajiye kunyar ɗan fari a bakin ƙofa. Ki gaya masa kin san abin da kika ɗauka daga gare shi, kin san ya gani ya yi shiru, ki nemi ya yafe miki. Girman uwa ba ya raguwa don ta nemi afuwar ɗanta. Sannan ki tambaye shi abin da yake so. Zan yi mamaki idan shagon ne ya dame shi, wanda ya gina biyu zai iya gina na uku. Abin da ya fitar da shi daga tsakar gidan nan shi ne an ce masa bare a gidan da ya rufa wa asiri, kuma babu bakin da ya ɗaga ya ce a'a. Idan bayan an ba shi ya ga dama ya bar wa ƙannensa, ko ya ce kuɗin hayar su riƙa tafiya wurin maganin Malam, to daga hannunsa ta fito, girma ne a gare shi. Ki kuma tuna masa gadon mahaifinsa, ko da gona ce a ƙauye. Idan ba a taɓa ba shi ba, can yake da haƙƙin da ba mai musu.

Shi babban, ba ke za ki yi masa faɗa ba, kuma kada a yi maganar a zauren WhatsApp na gida inda kowa zai jefo tasa. A nemi baffansa, ko ma kawunsa ɗan'uwan marigayiya, wanda ba zai ce ɓangarenki ne ba, ya zaunar da shi ya nuna masa abin da ya faɗa da kuma wadda ya faɗa wa. Ya wajaba ya zo ya ba ki haƙuri, amma kada ki sa wannan ya zama sharaɗin amsa gaisuwarsa. Ƙannensa mata biyu kuwa, musamman ƙaramar da ba ta san wata uwa ba sai ke, kada ki tilasta musu su zaɓa tsakaninki da yayansu.

Bayan nan sai a yi zama na gaskiya, ba irin na ranar Sallah da ake magana ana suyar nama ba. A samo malamin da ya san rabon gado, da dattawa biyu adalai da ba su da rabo a gidan. Malam ya faɗi abin da ya mallaka, da wanda yake bi, da wanda ke bin sa, da abin da ya bayar, a rubuta, a sa hannu, kowane ɗaki ya riƙe kwafi. Tunda ciwonsa ya taɓa jiki, a karɓi takardar likita da ke nuna hankalinsa lafiya lau a lokacin, don kada gobe a ce ba a hayyacinsa ya yi ba. Idan shagon aka tsayar, a miƙa makulli nan take, ɗan haya ya san wa zai riƙa biya. A kuma duba takardar gidan. Idan ta mai unguwa ce kawai, lokaci ya yi da za a nemi ta gwamnati a KADGIS, hukumar filaye ta jihar Kaduna, a tambaye su yadda ake yi idan ana so a ware wani sashe, don shago da gida a kan fili ɗaya su ne ke jawo rigima ranar da magada suka ce a sayar. Idan aka ga warewar za ta yi wuya, a ƙiyasta kuɗi a rubuta shi a matsayin wasiyya, ko bashi idan bashi ne. Za ki ji masu cewa ana kira wa Malam mutuwa. Ki ce musu gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ke ma kina da naki a wannan zama. Abin da kika zuba na adashi a fili da gini, idan ba kyauta kika yi wa Malam ba, dukiyarki ce, a rubuta. Idan kyauta ce, ki faɗa da bakinki a wuce wurin. Sannan ki tuna hukuncin nan kaifi biyu gare shi: kamar yadda ɗanki ba ya gadon Malam, haka 'ya'yan marigayiya uku ba za su gaje ki ba, 'ya'yan cikinki biyar ne za su raba, tare da Malam da iyayenki idan suna raye. Idan zuciyarki ta ba ki, kina da sulusinki, kina iya yi musu wasiyya da wani abu, ko da 'yan kunne ne ga ƙaramar. Ba don ki sayi bakin kowa ba, sai don ta ƙofar da Malam yake so ya bi ya kyautata wa naki, ta nan ke ma za ki bi ki kyautata wa nasa.

Idan babban ya ƙi zuwa zaman, a yi ba da shi ba. Amincewarsa ba sharaɗi ba ce ga kyautar mahaifinsa, ba kuma sharaɗi ba ce ga wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. A aika masa da kwafin takardar ta hannun kawunsa, tare da lissafin kayan mahaifiyarsa, a gaya masa duk abin da yake da ja a kai ya zo ya faɗa wa Malam tun yana iya ba shi amsa da kansa.